Halawa ko Reza: Wacce Za Ki Ɗauka?

Daga unguwar Wunti har Fadaman Mada a Bauchi, tambayar ɗaya ce 'yan'uwa mata ke yi min: gashin haɓa da na ƙwauri, halawa ko reza?

Reza ba tsada, ba zafi, minti biyar a banɗaki an gama. Sai dai sama-sama take yankewa, kwana 2 ko 3 kin shafa haɓa kin ji tsini. Zancen wai aski na ƙara wa gashi kauri ba gaskiya ba ne. Abin tsoron shi ne ƙuraje da baƙin tabon da suke bari.

Halawa kuwa sukari ne da lemon tsami, a dafa har ya yi danƙo. Daga tushe take tumɓukowa, sai ki yi mako 3 zuwa 4 kina sakayau. Amma akwai zafi, ni ranar farko har ƙwalla na yi. In ba ta huce ba tana ƙona fata, kuma sai gashin ya ɗan tofo take kamawa.

Ko ɗaya ba ta hana shi dawowa. In yawan gashin ya haɗu da rikicewar al'ada, a ga likitan mata, ƙila PCOS ce, wato matsalar rikicewar sinadaran hormone a jikin mace.

Mai sammakon aiki da marar juriyar zafi, reza ta ishe su. Amarya da mai son dogon hutu, halawa ce tasu.