Kafin ka sayi dok ɗin laftof, fara leƙa gefen kwamfutarka

Wani aminina da ke riƙe da littafin kuɗi a wani injin gyaran shinkafa a nan Birnin Kebbi ya kira ni kwanakin baya ransa a ɓace. Ya gaji da matse ido a kan allon laftof mai inci 14, yana so lissafin manoman da suka kawo shanshera ya zauna a allo ɗaya, na 'yan sari a ɗayan. Ya sa aka aiko masa da dok daga Kano, ya jona, linzami ya yi aiki, filash ya buɗe, amma alluna biyun nan baƙi ƙirin. Ya ce, “Malam, anya ba jabu aka turo mini ba?” Da na je na duba, kayan lafiyarsa ƙalau. Laftof ɗinsa ce ba ta iya fitar da hoto ta kafar da ya jona.

Dok, wanda wasu 'yan kasuwa ke kira “dokin” (ba na hawan Sallah ba), akwati ne da kake tara wayoyin allo, firinta, kibod, linzami da wayar intanet a jikinsa, sannan waya ɗaya tak ta taho laftof. In ka tashi gida, ita kaɗai za ka zare.

Inda ake tuntuɓe shi ne kafar USB-C. A ido duk iri ɗaya ce, 'yar siririya mai zagayen baki, amma aikinta ya bambanta. Wata bayanai kawai take ɗauka. Wata tana fitar da hoto, kuma sau da yawa za ka ga alamar harafin D a gefenta. Wata kuma Thunderbolt ce, mai alamar walƙiya, mai gudun gigabit 40 a daƙiƙa. Thunderbolt 4, wadda ta fito a 2020, sharaɗi ne a kanta ta ɗauki alluna biyu na 4K, wato masu hoto tas sosai. In babu alama, rubuta lambar samfurin laftof ɗin ka bincika a shafin kamfaninta.

Da yake yawancin laftof ɗin ofisoshinmu na gwanjo ne, bari in fara da zaɓin da ake rainawa. HP EliteBook 840, daga G1 har G6, tana da doguwar tsaga a gefenta wadda aka yi don dok ɗin kamfanin, UltraSlim. A jikinsa akwai kafofin jona allo, DisplayPort biyu da VGA ɗaya, sai USB huɗu da kafar wayar intanet, kuma yana caji. Ga mai 840 G3, wadda USB-C ɗinta ba ya fitar da hoto, wannan shi ne hanya mafi sauƙi. Haka tsofaffin Dell Latitude masu harafin E, irin su E6440 da E7450, suna da mahaɗa a ƙarƙashinsu da ke zama a kan dok ɗin kamfanin, E-Port. Na gwanjonsu ba su da tsada, ba sa neman wata manhaja. Aibinsu ɗaya: ranar da ka sauya laftof, dok ɗin ya zama kayan ado.

Sai 'yan ƙananan nan masu kama da fakitin ashana dogo, masu kafa shida ko takwas. Ba su da cajarsu, daga laftof suke shan wuta, ko ka jona musu taka cajar su miƙa mata, bayan sun ɗan gutsuri nasu kason. Ga mai allo ɗaya suna isa. Masu HDMI biyu a cikinsu suna raba hoto ta wata dabara da ake kira MST, wadda Windows ta sani, amma a MacBook abu ɗaya za ka gani a alluna biyun. Suna kuma ɗaukar zafi, kuma wanda ya san Afrilun Kebbi, lokacin da awo ke haura digiri 40, ba sai an yi masa bayani ba.

Manyan dok masu cajarsu, irin Dell WD19, HP G5 da na ThinkPad, su ne na mai zama a tebur tun safe har la'asar. A nan ka karanta lambar wuta da kyau, don abin da ke rubuce a jikin caja ba shi ne ke isa laftof ba. WD19 mai cajar watt 180 yana ba laftof ɗin Dell watt 130, ta wani kamfani kuma watt 90. Laftof ɗin ofis mai cajar watt 45 ko 65 ba ta da damuwa. Babba ta masu zanen gini ko tace bidiyo, wadda cajarta ta kai watt 150 ko fiye, za ta riƙa jan jiki ko batirinta ya yi ta sauka alhali tana jone. Na Thunderbolt su ne mafi tsada, kuma in laftof ɗinka ba ta da alamar walƙiyar nan, ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba.

Akwai kuma masu DisplayLink. Su ta kafar USB ta yau da kullum suke tura hoto, har tsohuwar mai faɗi, bayan ka saka manhajarsu. Su ne mafitar mai MacBook Air M1 ko M2, da aka ƙera don allo ɗaya kawai na waje. Ga Excel da Word ba ka ganin bambanci, amma suna ƙara wa kwamfuta nauyi, kuma ban ba mai wasan gem shawarar su ba.

Abin da masu sharhin Turai ba sa faɗa shi ne ɗaukewar wuta. Laftof tana da batir, babban dok ba shi da shi. Wuta na tafiya alluna su mutu, intanet na waya ya yanke, kuma in kana tsakiyar kwafe aiki zuwa rumbun ajiya da ke jone a dok, aikin na iya lalacewa. Ƙaramin nan mai kama da fakitin ashana kuwa zai ci gaba da riƙe filash da linzami da batirin laftof. Saboda haka wanda zai sayi babba ya sa kuɗin UPS cikin lissafi, ko ya ɗora teburin a layin inbata. Allo mai inci 24 yana cin wajen watt 20 zuwa 30. Ka ninka biyu, ka ƙara na laftof, ka ga ko solar gidanka za ta ɗauka har dare.

Ranar ciniki, tafi da laftof ɗinka. A jona alluna biyu a gabanka, ka ja tagar aikin da ka buɗe daga wannan allo zuwa wancan, ka ga alamar caji ta kama. Ka tabbatar cajar dok ɗin tana ciki, don ana yawan sayar da na gwanjo babu ita, kuma ita ma kuɗi ce. Ka duba bayan allunanka: in VGA kaɗai gare su, sai an nemi abin juyawa. In daga Kano ko Ikeja za a saka maka a mota, nemi mai kayan ya gwada da irin samfurin laftof ɗinka, ya turo bidiyo ta WhatsApp.

Aminina ya ƙare da tsohon dok na gwanjo mai shiga tsagar gefe. Ƙaramin da ya fara saya yana jakar ƙaninsa da ke karatu a Aliero.