Sikolashif na makarantun Katolika a Bronx, shekararmu uku a ciki

Tun ranar da aka ga yarana da yunifom a gidan suna mata suke ta kirana wai ya aka yi muka iya makarantar kuɗi alhali maigida tasi yake ja ni kuma kitso nake yi, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ba iyawa muka yi ba, tallafi muka samu. Sunan asusun Inner-City Scholarship Fund, na cocin Katolika ne na New York, Kadinal Terence Cooke ya kafa shi tun 1971, masu hali ke zuba kuɗi a ciki ana rage wa marasa ƙarfi kuɗin makaranta. Mu na Bronx da Manhattan da Staten Island muna ciki, 'yan Brooklyn da Queens kuwa dayosis ɗinku, wato yankin cocin da kuke ciki, daban ne sai ku tambaya can.

Kowa da addini yake fara tambaya. Ba sai kana Katolika ba, ba wanda ya ce mu canja komai. Amma fa kar a ce ban faɗa ba, akwai darasin addininsu, akwai addu'ar safe, gicciye na nan a bangon aji, kuma akan kai yara coci lokaci lokaci. Nawa zama kawai suke yi har a tashi. Asabar da Lahadi kuwa islamiyya babu fashi ko dusar ƙanƙara ake. Hajiya surukata da ta ji labari kwana uku ba ta ɗaga wayata ba, sai da maigida ya tuna mata ƙanwarta ma ai St. Louis ta Kano, makarantar Katolika, ta yi, kuma ga ta nan ba ta fasa sallah ba, sannan ta sauko.

Neman kansa ta intanet ne, mu ta wani shafi mai suna TADS muka cika fom, suna son takardar haraji 1040 da yawan mutanen gida don su ga abin da ke shigo maka a shekara. Nan ne 'yan uwana masu kitso da masu aikin da ake biya kuɗi hannu suke makalewa, in ba ka cike haraji da me za ka nuna samunka? Ki gyara takardunki tun kafin a buɗe, kuma ki cika da wuri wlh, jinkiri ba naki ba ne.

Abin da ya sa na ba asusun maki huɗu cikin biyar ban cika ba, tallafi ne, ba ɗaukar nauyi ba. Wani kaso suke biya kai ka cika sauran wata wata, kuma duk shekara sai an sabunta. Ga kuɗin rajista ga yunifom ga takalmi baƙi ga kuɗin ajiye yara bayan an tashi, mu makarantar da muke ba a yi mana wannan lissafin tun farko ba, watan Satumbar farko sai da na ci bashin adashe. Har cakulan aka ba mu mu sayar na tara wa makaranta kuɗi, ni da kwastomomina muka cinye shi a shago na biya daga aljihuna.

Sai batun rufe makarantu, wannan yana hana ni barci. A 2020 makarantu 20 aka rufe a dayosis ɗin nan. Ko Blessed Sacrament da Sonia Sotomayor ta Kotun Ƙoli ta yi firamare an rufe ta a 2013, balle tamu da ba ta fitar da kowa ba tukuna. Kafin ki sa yaro ki tambayi yawan ɗalibai, in ajujuwa sun fara zama wayam ki yi tunani.

Karatu dai kam ana yi. Ƙaramin da ya shiga ba ya haɗa baƙi yanzu shi ke karanta min wasiƙar mai gidan haya, kuma in bai yi aikin gida ba kafin la'asar malama ta turo min saƙo, ba sai ƙarshen zango in ji ba. Babbar tana aji takwas, Nuwamba za ta zauna jarrabawar TACHS ta shiga sakandaren Katolika, kuɗin can kuwa ya fi na firamare nesa ba kusa ba, na riga na fara tara takardu a leda tun yanzu.