Makarantar tuƙin jirgin sama a Afirka ta Kudu: sharhin wanda ya shiga bayan ya haura arba'in

Tsararrakina da yawa suna tambayata ko makarantar da na yi a gefen Johannesburg ta cancanci kuɗin da na zuba, ganin cewa aikin banki na ajiye na tafi, ga iyali ga shekaru. Ta cancanta. Sai dai duk wanda ya haura arba'in ya sani ba da irinsa aka tsara lissafinta ba.

Ina sane da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya da ta daɗe tun 1964, da kuma ta Ilorin. Na fita waje ne saboda wani ɗan'uwa da ya yi can ya yaba mini malamansu, kuma bai yi ƙarya ba. Malamina a haife na haife shi, amma bai taɓa ɗaga mini ƙafa don furfura ba. Johannesburg tana kan tudu, sama da mita 1,700 daga teku, don haka idan rana ta take iska takan rage kauri, ƙaramin jirgi Cessna 172 sai ya cinye titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Kafin kowane tashi sai ya sa ni zama da fensir da takarda na lissafa nauyin mai, nauyinmu, zafin ranar da tsawon titin da muke buƙata. Ran da lissafi bai fita ba, ba a ko kunna inji. A lokacin abin yana ba ni haushi, yanzu kuwa shi na fi gode masa. Daminarsu daga Oktoba zuwa Maris take, hadari yana haɗuwa da la'asar da tsawa har da ƙanƙara, shi ya sa yawancin tashinmu da an idar da asuba ne.

Karatun aji bai wahalar da ni ba, wanda ya saba da lissafin banki zai iya da shi, ko da yake sai ka ci kashi 75 cikin ɗari ake cewa ka haye. Sauka ce ta ba ni wuya. Yara 'yan ashirin hannunsu yakan faɗa da wuri, ni sai da na ƙara sa'o'i.

Nan ne ƙorafina. Takardar kuɗin da suka aiko mini an gina ta ne a kan mafi ƙarancin sa'o'in da doka ta yarda da su, wato 200 kafin lasisin CPL na tuƙin haya. Ba wanda ya gaya mini cewa kusan kowa yana wuce haka, kuma kowace ƙarin sa'a daga aljihunka take. Ga jirage su shiga gyara a bar ka kana biyan kuɗin ɗaki a banza. Idan an tashi raba jirage kuma, ɗaliban da kamfanoni suka ɗauki nauyinsu ake fara ba wa. Da aka saki darajar naira a Yunin 2023, abin da na tanada ya zama kamar ɗiban ruwa da kwando. Abin da ya cece ni shi ne na ƙi biya gaba ɗaya, na riƙa biya mataki-mataki, kuma sun amince ba tare da jayayya ba. Wannan na yaba musu.

Don Allah, kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, je ka yi gwajin lafiya na ajin farko da ake yi wa matuƙa. Hawan jini, ciwon suga da matsalar ido su ne ke jiran masu shekarunmu. Na ga wani magidanci da ya sayar da fili ya zo, likita ya dakatar da shi. Har yau abin yana damuna.

Lasisin ma ba shi ne ƙarshe ba. In ka dawo gida sai ka mayar da shi na Najeriya a hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA. Koyon babban jirgi irin Boeing 737 wani kuɗin ne daban. Kujerar kyaftin sai da lasisin ATPL, mafi girma a lasisin matuƙa, shi kuma sai ka tara sa'o'i 1,500. Sannan ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta ce matuƙin jirgin fasinja tsakanin ƙasashe ya ajiye tuƙi idan ya kai shekara 65. Mai shekara 45 ke nan shekara ashirin suka rage masa, a ciki zai yi karatu, ya nemi aiki, ya mayar da kuɗinsa. Makarantar ba ta taɓa zaunar da ni ta yi mini wannan lissafin ba, kuma ya kamata ta yi.

Zan tura ƙanena can ba tare da shakka ba. Tsarana kuwa sai na ga takardar likitansa, na kuma tabbata ya ajiye wa maiɗakinsa da yara abin da za su ci na shekara biyu, wanda ba zai taɓa shi don biyan sa'o'in tashi ba.