Rigar rodi ko kankaren zare: amsa ga Alhaji

Alhaji ya ce bim ɗin shagonsa na unguwar Zariya a Maradi, wato kankaren da ke kwance bisa ginshiƙai, ya tsage, ga shi yana son ɗora bene. Wani magini ya ce a yi wa bim ɗin riga da rodi, wani ya ce a shafe shi da kankare mai zare. Wanne ya fi?

Alhaji, kafin komai a tokare bim ɗin, a dubi tsagar. Idan a tsakiya take, daga ƙasa ta miƙe sama, lanƙwasa ce. Idan kusa da ginshiƙi take, a karkace, wannan ta fi haɗari, kada a ɗora ko bulo ɗaya sai injiniya ya gani.

Rigar rodi ita ce wadda maginanmu suka sani. A sassaƙe fatar tsohon kankaren, a huda, a dasa ƙarfe, a ɗaure sabbin rodi da zobba, a zuba beto, wato kankare, mai kaurin kamar santimita 8. Kayan duk suna nan Maradi, simintin Malbaza ko wanda ke shigowa ta Dan Issa. Aibinta nauyi. Bim mai tsawon mita 5, faɗi santimita 20, zurfi santimita 40, rigarsa kaɗai ta wuce tan guda, kuma ginshiƙai da tushe ne za su ɗauka.

Kankaren zare kuwa iri biyu ne, nan ake ruɗin mutane. Zaren roba yana rage 'yan tsage-tsagen bushewa ne kawai, ba ya ɗaukar kaya. Mai ƙarfafa bim shi ne na gajerun wayoyin ƙarfe cikin haɗi na musamman, wanda ƙarfinsa kan kai megafaskal 150 (ma'aunin ƙarfin kankare ke nan), alhali beton gidajenmu 25 ake nema. Santimita 3 zuwa 5 sun isa, ba ya cin tsayin ɗaki, ruwa ba ya ratsa shi. Sai dai yana son awo daidai, da maganin sa kwaɓi ya gudana ba tare da ƙarin ruwa ba. A kwaɓa da shebur, wayoyin su dunƙule wuri guda, kuɗi sun tafi. Ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, yana busar da siririn shafe tun bai kama ba.

Ni dai, Allah ya ƙara arziki, a shagonka riga zan zaɓa. A riƙa jiƙa ta aƙalla kwana 7, kada a cire tokara sai ta cika kwana 28.