Darktable da matsalar farar shadda

Duk mai ɗaukar hoton biki a Agege ko Idi-Araba ya san wahalar farar shadda. Ango ya tsaya cikin rana da babbar riga, in ka saita kyamara don fuskarsa ta fito, rigar ta ƙone fari fat, aikin wuyan da aka kashe wa kuɗi ya ɓace. In ka bi rigar kuma fuska ta yi duhu. Wannan ne ya sa na koma ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, kuma da darktable, manhajar gyaran hoto ta kwamfuta, nake gyara.

JPEG, fayil ɗin hoton da aka saba da shi, matakin haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa har 16,384. To a nan manhajar take nuna kanta. Nakan rage hasken rigar a hankali har zaren aikin ya bayyana, sannan in zagaye fuskar kaɗai in ɗaga haskenta, sauran hoton yana nan yadda yake. Sai dai wurin da ya ƙone ƙurmus ba ya dawowa, cike gurbi kawai take yi. A zauren walima ma, inda fitila ruwan ɗorawa ke haɗuwa da shuɗiya har fatar amarya ta sauya, nakan daidaita launi a hoto guda, in kwafa gyaran zuwa sauran na wurin. Lallen hannu ya fito da jansa na ainihi, wallahi abin yana faranta mini rai.

Darktable kyauta ce, ba ko sisi, kuma ba ta neman intanet. Takwararta Lightroom kuwa sai da biyan kuɗin wata ko na shekara. Darktable ba ta taɓa asalin hoton, gyaran yana zama ne a wani ɗan fayil na XMP a gefensa.

Amma fa tana son haƙuri. Da ka buɗe hoto za ka gan shi a dushe, bai kai wanda ka gani a bayan kyamara kyau ba, sai ka gina shi da hannunka. Kayan aikinta sun yi yawa, har uku ko huɗu na iya yin abu kusan iri ɗaya, sabon shiga bai san wanne zai kama ba. Tana da nauyi kuma. A ƙaramar kwamfuta, fitar da hotunan biki guda na iya cinye man janareta mai yawa.

Babu ta a waya, alhali dangin amarya a daren nan suke son nasu a WhatsApp. Don haka RAW da JPEG nake ɗauka tare, in tura musu JPEG nan take, na albam kuma in zauna musu daga baya.

Wanda zai je kasuwar kwamfuta ta Computer Village a Ikeja saboda wannan aiki, ina ba shi shawara ya nemi kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki (RAM) 16GB da katin sarrafa hoto (graphics card) na daban, ko da ta hannu ce.