Ƙari a gefe ɗaya ko kumburin gefe biyu: amsar tambayar Hajiya

Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Kin ce kala uku na maganin hawan jini yake sha amma jinin ya ƙi sauka, ga kasala da yawan fitsarin dare, gwaji ya nuna fotasiyam ɗinsa (wani ma'adini a jini) ya yi ƙasa, likita kuma yana zargin yawan sinadarin aldosteron. Tambayarki: me ya sa aka yi wa wani mai irin ciwon tiyata, shi kuma ana zancen ƙwaya?

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta, adirinal, ita ke samar da aldosteron. Aikin sinadarin shi ne riƙe gishiri da ruwa a jiki, ya fitar da fotasiyam ta fitsari. In ya yi yawa jini ya hau. Wani likitan Amurka, Jerome Conn, ya bayyana ciwon a 1955, shi ya sa za ki ji ana cewa ciwon Conn.

Sanadin biyu ne manya. Ko dai ɗan ƙari ya fito a adirinal ɗaya, ba na daji ba, galibi bai kai santimita 2 ba, wato ɗan tsurut kamar gujiya. Ko kuma duka biyun su kumbura, su riƙa zuba sinadarin fiye da kima, wannan ya fi yawa, kusan kashi 60 cikin 100. Mai ƙari yakan fi ƙuruciya, jininsa ya fi hawa, fotasiyam ya fi faɗuwa. Mai gefe biyu abin yakan zo masa da sauƙi-sauƙi, sau da yawa fotasiyam ɗinsa lafiya lau. Amma wannan alama ce kawai, ba a yanke hukunci da ita.

Gwajin farko ɗaya ne gare su: a auna aldosteron da renin (wani sinadari da ƙoda ke fitarwa) a jini, a ga na farko sama, na biyu ƙasa. Wani lokaci a ɗura ruwan gishiri ta jijiya lita 2 cikin awa 4 don a tabbatar. Sai hoton siti (CT scan), wanda ke nuna cikin jiki.

Nan ne nake so ki natsu. Hoto yana nuna ƙullutu, ba ya nuna ko ƙullutun ne ke aikin. Mutum in ya manyanta yakan sami ƙullutu a adirinal wanda ba ruwansa da komai, alhali ɓarnar daga gefe biyu take, ko ma daga ɗaya gefen da ya fito tas a hoto. A cire wannan, an yi aikin banza. Abin da ke raba gardama shi ne a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi, a ɗebi jini daga kowace adirinal a gwada. Ba kowane asibiti ke yin sa ba, don haka ku nemi ganin likitan hormon (sinadaran jiki irin su aldosteron) a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko na Shika da ke Zariya ya faɗa muku inda za a dosa. Wanda bai kai shekara 35 ba, fotasiyam ƙasa, ƙari ɗaya a fili, shi ne ake iya ɗauke wa wannan gwajin.

In gefe ɗaya ne, tiyata ce ta ƙananan huda, a cire adirinal ɗin gefen. Fotasiyam kusan kullum yana daidaita, amma kada a yi muku alƙawarin rabuwa da magani: waɗanda ke daina sha gaba ɗaya ba su kai rabi ba, saura dai ƙwayoyin ke raguwa. In gefe biyu ne ba a yanka, sai sifironolakton, wanda ake sayarwa da sunan Aldactone, a fara da miligiram 12.5 zuwa 25, har ƙarshen rayuwa, ana bibiyar fotasiyam da ƙoda. Matsalarsa ga maza kumburin nono da raunin gaba, kuma kunya kan sa su ajiye shi shiru. Ya gaya wa likita, akwai wani magani a madadinsa, efilerenon. Wanda tiyata ba ta samu ba, ko da ƙari ne, irin magungunan nan suna riƙe shi.

Kada ya fara sifironolakton da kansa kafin gwaji, yana rikita sakamako na makonni. A rage gishiri da dunƙule a miya. Kanwa kuma, duk da ana ce mata fotash, yawancinta sodiyam ce, ba ta maye fotasiyam, jinin ma za ta ƙara masa.