Hattara da masu tallar fifti mai araha a WhatsApp

'Yan'uwa masu ɗaukar hoto, musamman sababbin shiga, a yi hattara. Akwai wasu da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook suna tallar lens 50mm f/1.8, wadda muke ce wa fifti, a kan rabin kuɗinta. Sun san kuɗin mai farawa bai kai ga lens 85mm ba, sun kuma san kowa na son fuskar amarya ta fito fes, abin da ke bayanta ya dushe. Da wannan kwaɗayin suke kama mutane.

Zancensu ɗaya ne: tokumbo ce, kamar sabuwa, tana Legas, turo rabi a sa maka a mota. Da ka tura sai wata lamba ta kira, wai direba ne, a ƙara kuɗin tasha. Daga nan waya a kashe. Sunan da ke kan asusun ma daban yake da na mai talla, in ka tambaya ya ce na matarsa ne.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu aiko kayan, don su da wuya a kama su da laifi. Za a ce maka Canon STM ce, wadda ta fito a 2015, sai ka buɗe kwali ka ga tsohuwar mai lamba II ta 1990. Juya gindinta ka duba: na STM ƙarfe ne, na tsohuwar roba ne, kuma bakin STM 49mm ne, na waccan 52mm. Wani kuma Yongnuo, lens mai araha ta wani kamfanin China, zai aiko a kuɗin Canon, shi ya sa a hoton talla yake juya sunan baya. Ita Yongnuo ba ta da laifi in an saye ta a kuɗinta.

Masu Nikon, ku naku tarkon daban ne. 50mm f/1.8D ba ta da injin fokas a jikinta, da na kyamara take aiki, su kuwa kyamarorin D3200 da D3500 da D5300 ba su da shi. Ka ɗaura ta, sai dai ka riƙa murɗawa da hannu, ana tsakiyar kamu ƙawaye na ta motsi. Mai irin waɗannan kyamarori AF-S f/1.8G, mai injin fokas a jikinta, zai nema. Mai tallar ya sani sarai, shiru kawai yake yi.

Kada kuɗi ya bar hannunka sai ka ɗaura lens ɗin a kyamararka. Buɗe ta a f/1.8, wato iyakar buɗewarta, ɗauki idon wani, ka jawo hoton ka gani ko ya kama. Cire ta ka haska tocilan ta baya. 'Yar ƙura ba komai ba ce, amma in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce ta laima, kuma tana iya cin gilashin har ya ƙi goguwa.

In mai kayan na nesa, ya yi bidiyo da lambar jikin lens ɗin kusa da takarda mai sunanka, ko ka tura wani naka ya gani da ido. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa yanzu, ya adana hirar da rasit, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, sannan ya sanar da shugabannin guruf ɗin su cire mai tallar.